Bangon Hannuwa a Gidan Sarki

Ni magini ne, ɗan magini, jikan magini. A Agadas in aka ce masu yaɓen gidan Sarki, gidanmu ake nufi. Kowace shekara, in ɗan ruwan da Allah yake ba mu ya ɗauke, sai mu kwaɓa ƙasa da kashin jaki, mu bar ta ta yi kwanaki ta ruɓa, sannan mu bi katangar gidan muna toshe inda ruwa ya ci. Mu gyara indararo, mu sauya azarar da gara ta taɓa. Yanzu na tsufa, ko tsani ban iya hawa. Amma akwai abu ɗaya da in na tuna shi har yau sai abinci ya fita raina. Kuma kada wani ya ce mini Nasara ne suka yi. Ɗan gwaggona ne ya yi.

Daga bayan gidan Sarki, ta inda ake shigo da hatsi da itace, akwai wani ɗan zaure mai ƙofa ɗaya. Ba mai zama a cikinsa sai wani tsohon dogari da ke gyangyaɗi a bakin ƙofa. Bangon da ke kallon ƙofar shi kaɗai ne a duk gidan ba ma yi wa sabon yaɓe. A jikinsa akwai sawun tafin hannu goma sha ɗaya, duk na dama, an danna su cikin ƙasa tun tana ɗanya. Al'adar gidanmu ke nan. Ranar da magini ya gama yaɓensa na farko bayan ya karɓi aikin gidan Sarki daga hannun ubansa, sai ya shafa ɗanyar ƙasa kaɗan a gefen hannun uban, ya danna nasa. Sau ɗaya a rayuwa. Na ƙarshe a jerin na Baba ne, kuma ko makaho zai gane shi, don yatsu huɗu ne. Azara ta faɗa masa a kan ɗan ƙaramin tun yana saurayi.

A bangon nan tarihin gidan yake. Maroƙa da makaɗa suna da nasu, na yabon sarakuna da yaƙe-yaƙe. Namu na gidan ne kansa: wa ya tayar da wane soro, a zamanin wane Sarki, me ya sa aka toshe wata ƙofa aka buɗe wata, wace shekara ruwa ya kayar da rumbu. Kuma yana da ƙa'ida. Ba a faɗarsa a zaune, ba a faɗarsa a waje. Kana tsaye, ka sa hannunka cikin hannun mutum, sannan ka faɗi abin da ya faru da gidan a zamaninsa. In ka gama ka ɗaga, ka sa a na gaba.

Haka Baba ya koya mini, shekara bayan shekara, a ranar da muka gama yaɓe. Hannu na uku yana ƙasa-ƙasa, don mai shi gajere ne, dole ka sunkuya. Da zarar bayana ya lanƙwasa sai maganar ta zo da kanta: a zamaninsa aka matsar da ƙofar baya, saboda uwar Sarki ta ce ta gaji da kukan raƙuma a bayan ɗakinta. Wani hannun yana da zurfi har yatsunka su ɓace, wani ƙasar ta tsage a tsakiyar tafinsa. In na yi kuskure Baba ba ya gyara mini da baki. Sai ya kama wuyan hannuna ya mayar da ni na farko.

Ɗan gwaggona kuwa, tare muka tashi. Taubashina ne, abokin wasana, kwano ɗaya muka ci. Shekarar da gardawan kumandan, wato ƴan sandan Nasaran da ke mulkin gari, suka zo neman yaran da za a sa lakwal, makarantar boko, shi suka kama, ni Baba ya ɓoye ni cikin tulin ciyawa. Gwaggo ta yi kuka kamar an yi mutuwa. Ya yi karatu a nan, aka tura shi nesa ya ƙara, ya dawo bayan babban yaƙin Nasara da wando har idon sawu da fensir a bayan kunne. Aka ba shi koyarwa a lakwal ɗin gari. Kowa na ce masa Mushe, yadda ake kiran malaman lakwal, ni ma na kama, amma da tsiya nake faɗa.

"Mushe, ashe har yanzu kana cin fura? Na ɗauka sai da cokali."

"Sarkin taɓo, wanke hannunka kafin ka gaishe ni," in ji shi.

Mu yi dariya, mu zauna. Wallahi ina son mutumin nan a lokacin, ba zan ɓoye ba. Ina alfahari da shi. In ya wuce a kasuwa ana gaishe shi, sai in ji kamar ni ake gaisarwa.

Wata rana da hantsi ya same ni ina kwaɓa ƙasa, ya tsaya nesa don kada ta fallatsar masa. Ya ce abin yana damunsa, yaran lakwal sun san sunayen kogunan ƙasar Faransa amma ba su san wa ya gina gidan Sarkinsu ba. Yana so ya rubuta abin da ke bakin Baba, ya riƙa koya musu. Na ce ya je ya tambayi mai abin.

Ya je. Baba yana zaune a ƙofar gida yana gyaran igiyar guga, ya saurare shi har ƙarshe.

"Kawu, in ba a rubuta ba zai ɓace," in ji Mushe.

"Hannu goma sha ɗaya bai ɓace ba, sai a kanka?"

"Zamani ya sauya, Kawu."

"To ya sauya. Bangon yana nan. Mai son ji ya zo ya tsaya."

Baba ya tashi ya shige gida. A nan ya kamata maganar ta mutu. Ni na tayar da ita, kuma wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Kwana da kwanaki ina bin Baba. Na ce masa ai ba bare ba ne, ɗan ƙanwarsa ne, jininsa. Na ce in Nasara suka ga an rubuta abin a takarda za su san bangon yana da daraja, ba mai taɓa shi. Ni da bakina na faɗi haka. Gwaggo ma ta sa baki. Daga ƙarshe Baba ya gaji da mu, ya ce to, amma a tsaye, kuma a cikin zauren.

Safiya uku muka yi. Baba yana sa hannu yana faɗa, Mushe yana tsaye da kaye, wato littafin rubutunsu na lakwal, yana ta gudu da fensir. Wani lokaci ya ce, "Kawu, a hankali." Baba ya ce ba a hankali aka koya masa ba. A rana ta uku da aka gama, Baba ya juyo ya dube shi.

"Kai ɗan nan, ka ji abin da ko ƴaƴan Sarki ba duka suka ji ba. Abu ɗaya nake so. Bangon nan ba a shafe shi."

Mushe ya matsa, ya sa hannunsa cikin hannun Baba mai yatsu huɗu, ɗan ƙaramin yatsansa yana lilo a waje. Ya ce, "Kawu, muddin ina da rai ba mai taɓa shi." Ina tsaye a wurin. Tsohon dogarin ma ya ji.

Baba ya rasu cikin sanyin shekarar da ta biyo. Aikin ya dawo wuyana, kuma bisa al'ada bayan damina, ranar da na gama yaɓena na farko, zan danna hannuna kusa da nasa. Har wurin na riga na zaɓa da ido. Duk sanda na wuce ta zauren sai in leƙa in dube shi.

Ana cikin haka sai labari ya cika gari cewa wani babban gwamna zai zo ziyara. Aka shiga share-share. Kumandan ya ce yana so a sami ɗaki a gidan Sarki inda za a nuna wa baƙo cewa ana koya wa yara tarihin wurin. A fada aka ce ga zauren baya, ba a komai da shi. Aka danƙa wa Mushe aikin shirya shi. Da na ji, murna na yi. Na ce yau bangonmu zai ga manya.

Sai ga Mushe ya zo mini har gida da fara'a.

"Sarkin taɓo, aiki ya same ka. Azarar zauren nan ta tsufa, kumandan ya ce a sauya kafin baƙo ya zo. Kuma ba ya son ta kusa, ya ce a nemo goriba mai kyau daga cikin dutse."

Na ce, "Azarar nan lafiyarta lau. Bara na duba ta."

"Kai dai ka san Nasara. In ya ce a sauya, a sauya. Wa zan aika in ba kai ba? Wa ya san itace kamarka?"

Ya fasa mini kai, na hau. Na nemi raƙuma wurin wani Buzu abokin Baba, muka kama hanyar Tabelot, can cikin duwatsu. Tafiyar da dawowar ta ci mini kusan kwana ashirin. Na zaɓi goriba ɗaya bayan ɗaya, ina ƙwanƙwasawa ina saurare. Har albasa na ɗauro wa gwaggo, Mushe kuma na samo masa rumman wurin wasu mutanen Timia da muka haɗu da su, don na san yana so tun muna yara. Dubi wauta irin tawa. Rumman!

Na shigo gari da azahar. Ko gida ban biya ba, na wuce ƙofar baya don a sauke itace. Tsohon dogarin yana ganina ya miƙe, abin da bai taɓa yi ba. Bai amsa sallamata da kyau ba, sai kallon ƙasa yake. Na shiga zaure.

Na ɗauka ɓatan hanya na yi. An shafe ko'ina da farar ƙasa, an jera benci uku. Bangon da ke kallon ƙofa kuwa ya zama sumul daga sama har ƙasa. An yaɓe shi da sima, ƙasar nan ta Nasara mai zuwa cikin buhu, wadda in ta bushe sai ta koma dutse. A tsakiya an shafa baƙin fenti an yi allo, an yi rubutu da alli. Na matsa na shafa. Sanyi ƙalau, ko ɗan gurbi babu. Na bi da tafina daga wannan gefe zuwa wancan, ina lalube kamar wanda ya yar da allura. Na zauna a kan bencin yara.

Ban san iya zaman da na yi ba sai na ji takun Mushe. Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ka dawo? Sannu da hanya."

"Ina hannuwan?"

"Suna nan a ciki. Ba abin da ya same su, rufe su kawai aka yi."

"Rufe su aka yi."

"Ka saurare ni. Kumandan ya shigo ya gani, ya ce wannan ƙazanta ce, ba za a nuna wa gwamna bango mai shatan hannu ba. Me zan ce masa? Kuma sima kariya ce. Yanzu ko shekara ɗari ba abin da zai taɓa su. Duk ranar da aka so, a ɓamɓare."

Na ce, "Kai, Mushe, tsoron Allah fa? Ni za ka koya wa bango? Ƙasa numfashi take yi. In ka toshe ta da wannan abu, danshi ya shiga ta ƙasa ba shi da mafita, sai ya cinye ta daga ciki. Ranar da simar nan ta tashi faɗuwa da fuskar bangon za ta tafi. Ko jakin gidanmu ya san wannan."

"To ai komai yana cikin kaye. Ba kalma ɗaya da na bari."

"Da kaye ka yi wa Baba alkawari?"

Sai ya dubi bangon ya ce wani abu da Faransanci, daga baya aka gaya mini wai cewa ya yi ai ya yi tsabta. Na tashi. Wallahi da ba don a gidan Sarki muke ba da na shaƙe shi a wurin. Na fita na kwance ƙunshin rumman daga jikin raƙumi na zazzage shi a gabansa, suka gangara cikin ƙasa. Na ce ga tsarabarsa.

Duk da haka a ranar ina neman masa uzuri a zuciyata. Na ce wataƙila da gaske tilasta shi aka yi, wa ke ja da kumandan a wancan zamani? Washegari da safe na koma don in ga inda za a sa azarar da na kawo. Na ɗaga kai, sai na ga tsohuwar azara tana nan daram, an ma shafa mata farar ƙasa. Tsohon dogarin ya jawo ni gefe.

"Ɗana, ni ba na son in mutu da magana a ciki. Kumandan bai taɓa sa ƙafa a zauren nan ba. Ni nake ƙofa, da ya shigo da na gani."

"To wa ya ce a shafe?"

"Ɗan'uwanka. Ya zo ya auna bangon huɗu, ya ce wannan ne haske ke faɗa wa daga ƙofa, nan allo zai fi kyau. Kana fita gari da kwana biyu ya kawo maginan bariki. Na ce masa, Mushe, ba kai ka sa hannu a nan ka yi alkawari ba? Ya ce in yi harkar ƙofata."

"Azarar fa?"

Tsoho ya girgiza kai. "Ba wanda ya nemi azara."

Ka ji. Ashe ba tsoro ba ne, shiri ne. Ya zauna ya yi tunani, ya san in ina gari sai dai a bi ta kaina, sai ya nemo abin da zai fitar da ni, kuma ya zaɓi abin da ya san ba zan ƙi ba. Ya yabe ni a kan sanin itace don in tafi in bar masa bango. Kwana ashirin ina cikin duwatsu ina ƙwanƙwasa goriba ina jin daɗi wai an san darajata. Tir! Wannan ya fi simar kanta yi mini ciwo.

Gwamna ya zo. An ce ya shiga zauren, yara suka miƙe suka rera abin da aka koya musu, ya gyaɗa kai, ya gaisa da Mushe, ya fita. Bai kai daɗewar shan ruwa ba. Ni ban je ba. Azarar kuwa ta yi shekara a jingine a bayan gida, daga baya na rufa wa gwaggo ɗaki da ita.

Gwaggo ta yi ta ƙoƙarin shirya mu. Ta ce wasan taubasai ba ya zama gaba. Na ce mata, Gwaggo, wannan ba wasa ba ne. In mun haɗu a jana'iza ko suna ina ba shi hannu don idon mutane, amma ban ƙara ce masa Mushe da tsiya ba, shi ma bai ƙara ce mini Sarkin taɓo ba. Da damina ta wuce na yi yaɓena na farko, na gama, na wanke hannu na tafi gida. Ba inda zan danna. Matata ta ce in danna a wani bangon mana. Na ce kusa da wa?

Na ci gaba da aikin gidan Sarki kamar kullum, sai dai na daina bi ta ƙofar baya. Wani lokaci ina bisa katanga sai in jiyo muryoyin yara daga zauren suna maimaitawa. Sunayen sarakuna ne a jere, wane ya gaji wane. Ban taɓa jin an ambaci ƙofar da aka matsar ba, balle gajeren mutumin da ya matsar da ita. Ni kuma ban faɗa wa kowa komai ba, don ba a faɗa a waje, cikin kuma ba abin da za a dafa. Ina ganin abin yana nan cikin kaina lafiya lau. Ban taɓa shakka ba.

Shekara bakwai ko takwas aka yi haka. Sai wata damina aka yi ruwa mai ƙarfi kwana biyu a jere, irin wanda ba mu saba gani ba. Da gari ya waye aka aiko daga fada, wai in zo, bango ya zube a zauren baya. Tun kafin in isa na san wanne ne.

Simar ta ɓallo gaba ɗaya ta kife a ƙasa ta farfashe, ta karya benci guda. Allah ya taimaka ba yara a ciki. Abin da na faɗa shi ya faru. Fuskar bangon ta bi ta, abin da ya rage jiƙaƙƙiyar ƙasa ce mai wari, kana taɓawa tana zuba. Ba hannu ko ɗaya. Na durƙusa na shiga juya gutsattsarin simar ina kankare ƙasar da ta manne a bayansu. A wani na ga yatsa biyu, a wani gefen tafi. Da suka yaɓa simar ta shiga cikin guraben ta ɗauki siffarsu, sai dai duk ta ruguje. Guda ɗaya ne ya fita kusan cikakke, faɗinsa kamar faifai. Na share shi da bakin rigata, na ƙirga. Yatsu huɗu.

Ina riƙe da shi Mushe ya shigo. Ya yi ƙiba, furfura ta fara masa, ya zama babba a lakwal. Ya dubi bangon, ya dube ni. Na jira ya ce wani abu game da Baba. Sai ya zaro sabon kaye daga aljihu.

"Ɗan'uwa, abin da ya wuce ya wuce. Ina so ka sake faɗa mini, in rubuta."

"Ina wancan? Wanda ba kalma ɗaya da ka bari?"

Ya sosa ƙeya. Wai kumandan na wancan lokaci ya karɓa zai sa a buga shi da keken rubutu, aka yi masa canji, ya tafi da kayansa. An rubuta wasiƙa, ba amsa. Abin da yake koya wa yara ɗan taƙaitawa ne da ya yi a allo.

"Tun yaushe?"

"Tun shekarar da gwamna ya zo."

Na yi dariya, irin wadda ba ta da daɗi. Ashe duk shekarun nan ba bango, ba kaye, kuma ya sani, yana wuce ni a hanya bai ce uffan ba. Zuciyata ta ce in ƙi, in bar shi da sabon kayensa fari fat. Sai kuma wata zuciyar ta ce a'a, in faɗa masa tun daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe, a gaban dogari da mutanen fada da suka taru, don ya san wa ke riƙe da abin da gaske. Na ce ya buɗe kayensa.

Na tsaya a gaban bangon. Na ɗaga hannu inda na farko yake a da, na faɗi nasa. Na matsa, na faɗi na biyu. Na sunkuya, na uku ya zo, da uwar Sarki da raƙumanta. Fensir yana ta gudu. Na miƙe na kai hannu wurin na huɗu, tafina ya taɓa ƙasa mai laushi, ta zube tsakanin yatsuna.

Shiru.

Na san akwai rumbun da ya faɗi. Na san akwai rijiya, akwai soron da aka yi wa bene, akwai shekarar da aka rufe gidan ba kowa a ciki. Amma wanne ne na wa? Wanne ya riga wanne? Mai zurfin nan, shi ne na rijiya ko mai tsagar? Na koma na farko kamar yadda Baba yake mayar da ni. Ɗaya, biyu, uku. Na sake tsayawa a wuri ɗaya. Sau uku ina komawa. Ashe ban taɓa riƙe abin da ka ba. Hannuna ne yake ji ya gaya wa bakina, ni ban sani ba, Baba kuma bai taɓa faɗa mini ba, wataƙila shi ma bai sani ba.

"Ci gaba mana," in ji Mushe, fensir a sama.

Na juyo na dube shi. Na ce, "Babu. Ka kashe shi."

Ya buɗe baki, na ɗaga masa hannu. Na sunkuya na ɗauki guntun simar nan na sa a hammata. Ya ce ai kamata ya yi a ajiye shi a lakwal, yara su riƙa gani. Ban ko waiwaye shi ba. Dogarin ya matsa mini na wuce.

Na sake yaɓe bangon da ƙasa bayan ya bushe, don aikina ne. Mutanen fada suka ce in danna hannuna in fara sabon jeri. Ban danna ba. Me zan ce wa wanda zai sa hannunsa a ciki, ni da abin da na sani ya tsaya a hannu na uku da rabi?

Guntun simar yana nan a ɗakina, cikin alkuki, na naɗe shi da tsohon rawanin Baba. Ranar da na kawo shi gida na ajiye shi a kan tabarma, na ce bari in sa hannuna ko na Baba kaɗai ya dawo mini cikakke. Na miƙa dama, ta ƙi zama. Ba gurbi ba ne yanzu, tudu ne, tafin Baba ne yake kallona. Babban yatsana ya faɗa inda ba yatsa. Na juya shi, na sake juyawa, sannan na gane ba zai dace ba sai da hagu. Na daɗe ina kallonsa. Ni kuwa tun da aka haife ni ban taɓa miƙa wa Baba hagu ba. Na mayar da shi cikin rawani na naɗe.